Kwana bakwai don aikin minti 90: nazarin tafiyar takardar bashi a wani kamfani na Amurka

Asalin lamarin, shekarun 1980

Kamfanin da ake magana a kansa reshe ne na wani babban kamfanin ƙera kwamfuta a Amurka, an kafa reshen a 1981. Shi ba ya ƙera komai. Aikinsa ba da bashi ga masu sayen kwamfutoci da manhajoji da sauran hidimomin uwar kamfanin. A wancan zamani babbar kwamfutar ofis tana cin kuɗi sosai, ba kowane mai saye ke iya biya lakadan ba, don haka ciniki da yawa ba ya faɗawa sai mai saye ya ji sharuɗɗan bashi: nawa ne kuɗin ruwa, tsawon wane lokaci za a biya, me yarjejeniyar ta ƙunsa. Wakilin talla da ke zaune gaban mai saye ba shi da ikon yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai ya buga waya ofishin reshen da ke jihar Konetikat, ya gabatar da buƙata, ya jira takardar tayi.

Takardar tayin kan ɗauki kwana 6 a matsakaici kafin ta fito, wani lokaci har mako biyu.

Michael Hammer da James Champy ne suka fito da labarin a littafinsu na 1993 kan sake fasalin ayyukan kamfanoni, kuma alkaluman da ke cikin wannan nazari daga can suke. Zane-zanen da zan shimfiɗa kuwa da alamomin yau zan yi su, irin na BPMN, wato tsarin alamomin zana tafiyar aiki, wanda bugunsa na farko ya fito a 2004, na biyu a 2011. Tsarin ya zo bayan lamarin, amma da shi mai karatu zai fi saurin ganin abin da mutanen kamfanin suka daɗe suna lalube.

Zane na farko: yadda takardar ke tafiya

A ɗauko farar takarda a kwantar da ita, a ja layuka a raba ta gida biyar daga sama zuwa ƙasa, kowane sashe da gidansa. Wannan salon raba zane gida-gida Geary Rummler da Alan Brache ne suka yaɗa shi a 1990, amfaninsa kuwa shi ne duk lokacin da aiki ya bar hannun wani sashe ya shiga hannun wani, dole kibiya ta tsallaka layi, ido ya gani. Ƙaramar da'ira ita ce mafari, akwati aiki ne da wani ke yi, kibiya tafiyar takarda ce, da'ira mai kaurin baki kuma ƙarshe.

A gida na farko akwai mutum 14 zaune kewaye da tebur a ɗakin taro, su ke amsa wayar wakilan talla. Wanda ya ɗaga wayar shi zai rubuta buƙatar a takarda. Daga nan wani ya ɗauki takardar ya hau bene da ita zuwa gida na biyu, sashen binciken masu neman bashi, inda ƙwararre zai shigar da bayanan a kwamfuta, ya duba ko mai neman abin amincewa ne, ya rubuta sakamakon a takarda ya tura gaba. Gida na uku shi ne sashen da ke gyara yarjejeniyar bashi ta yau da kullum idan mai saye ya nemi wani sharaɗi na musamman. Su ma da tasu kwamfutar daban. Idan sun gama sai su maƙala sharuɗɗan a jikin takardar. Gida na huɗu na mai yanke kuɗin ruwa ne: zai sake shigar da bayanan a jadawalin lissafi na ƙaramar kwamfutarsa, ya fitar da adadi, ya rubuta a takarda. Gida na biyar akawu ne, shi zai tattara duk abin da aka rubuta ya mayar da shi wasiƙar tayi, a aika wa wakilin talla ta kamfanin kai saƙon gaggawa.

Idan aka ja da baya aka kalli zanen, abubuwa uku ne ke bayyana. Akwatuna biyar ne, kuma kibau huɗu ne ke tsallaka layi tsakaninsu. Bayanan mai saye ɗaya suna shiga na'urori uku da ba sa magana da juna, kowane lokaci daga takarda zuwa kwamfuta sannan a dawo da su takarda. Sannan babu inda hanya ta rabu. A irin wannan zane akwai alamar da ake sawa inda za a yi tambaya a zaɓi hanya, murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwarsa, kuma a zanen nan babu ita ko ɗaya. Buƙatar tsohon mai saye da aka sani shekara da shekaru, mai neman yarjejeniyar da aka saba, da buƙatar baƙo mai neman sharuɗɗa masu wuya, duk layi ɗaya suke bi, tebur biyar ɗin nan dai.

Zanen da kamfanoni suka fi ajiyewa a bango wani ne daban, wato wanda ke nuna wa ke ƙarƙashin wa. A wannan kowane sashe yana da shugaba, kowane akwati yana da mai shi. Kibau huɗun nan ba su bayyana a cikinsa sam, balle a san wanda za a tambaya a kansu.

Kukan wakilan talla

Ga wakilin talla, kwana 6 lokaci ne da mai saye zai iya samo bashi a wani wurin, ko wani kamfanin kwamfuta ya janye shi, ko ya sake tunani ya fasa sayen gaba ɗaya. Don haka wakilai suka riƙa buga waya suna maimaitawa, suna tambayar inda takardarsu take da ranar da za ta fito. Babu mai amsa, domin takardar tana can wani tebur tsakanin gida na farko da na biyar, ba wanda ya san wanne. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata aka ce masa yana teburin oga, ko masinja bai kawo ba tukuna, ya san irin wannan jiran.

A lura cewa kuka biyu ne a haɗe: ba mu san inda takardar take ba, kuma takardar tana daɗewa. Na farko shi ne ake ji a waya kullum.

Gyaran farko: teburin sa ido

Kamfanin ya gwada gyare-gyare da dama, wanda ya fi fice shi ne teburin sa ido. Aka ce daga yanzu sashe ba zai miƙa takarda ga sashe na gaba kai tsaye ba. Idan ya gama zai mayar da ita teburin da ake amsa waya, a can ma'aikaci ya rubuta a rajista cewa mataki kaza ya kammala, sannan ya sake tura ta ga wanda ke biye.

Kuka na farko ya mutu. Wakili ya buga waya, a duba rajista, a gaya masa takardarsa tana wurin mai yanke kuɗin ruwa.

Zane na biyu ya nuna abin da aka biya. Akwatuna biyar suna nan yadda suke, ba a cire ko ɗaya ba, an ƙara sabon akwatin rubuta rajista da ke maimaituwa bayan kowane mataki. Kibiyar da a da ke tafiya daga gida na biyu zuwa na uku yanzu ta zama biyu, ɗaya ta koma teburin sa ido, ɗaya ta fito daga can. Haka tsakanin na uku da na huɗu, haka tsakanin na huɗu da na biyar. Yawan tsallaka layi ya kusa ninkawa. Matsakaicin lokaci ya tashi daga kwana 6 ya haura kwana 7.

Ranar da manajoji biyu suka bi takarda da ƙafa

Daga baya manyan manajoji biyu suka ɗauki buƙata ɗaya a hannunsu suka bi matakan biyar da kansu. A kowane ofis sukan ce wa ma'aikaci ya ajiye abin da yake yi ya yi aikin wannan takardar yadda ya saba, ba gaggawa ba tsallake, abin da aka cire kawai shi ne zamanta a cikin tarin takardun da ke kan teburinsa. Da ya gama sai su karɓa su wuce ofis na gaba.

Aikin duka, daga rubuta buƙata har wasiƙar tayi, ya ɗauki minti 90.

Wannan shi ne zane na uku, kuma bambancinsa da na farko lambobi ne kawai. A ƙasan takardar a ja wani layi na lokaci, irin wanda masu zanen tafiyar kaya a masana'antu suka koya daga Toyota: layin ya sauka a ƙarƙashin kowane akwati a rubuta mintocin aiki, ya hau a ƙarƙashin kowace kibiya a rubuta lokacin jira. Idan aka haɗa lambobin ƙarƙashin akwatuna, minti 90. Idan aka haɗa na ƙarƙashin kibau, sauran kwana 7 ɗin. Ko da an ƙidaya ranar aiki awa 8 kawai, kwana 7 awa 56 ne, kuma minti 90 bai kai kashi 3 cikin 100 na wannan ba. Sama da kashi 97 cikin 100 na rayuwar takardar a kwance take yi.

Ga wani lissafi a kan wannan. Da a ce za a iya sa kowane ma'aikaci ya ninka saurinsa, abin da za a samu shi ne ragin minti 45 daga cikin kwana 7. Horo, tsawa, ƙarin albashi ga mai sauri, sabuwar kwamfuta ga kowane sashe, duk cikin akwatuna suke aiki, kuma akwatunan gaba ɗaya minti 90 ne.

Abin da ke sa kibiya ta yi nauyi haka ba ɓoyayye ba ne. Takarda ba ta isa tebur ta tarar da mai tebur yana jiranta. Tana tarar da waɗanda suka riga ta. Wani masani mai suna John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida a 1961 wadda ta ce, a matsakaici, yawan abin da ke cikin layi daidai yake da yawan abin da ke shigowa a rana sau yawan kwanakin da kowanne ke yi a ciki. Idan takarda na kwana 7 a gidan, to kowace safiya akwai buƙatun kwana 7 jibge a tebura daban-daban, kuma sabuwar da ta shigo bayansu za ta bi. Duk sabon tebur da aka ƙara sabon layi ne, ko da aikin da ake yi a kansa rubutun minti ɗaya ne.

Masu zanen aiki sun san da wannan tun da daɗewa. Frank da Lillian Gilbreth sun gabatar da jadawalin tafiyar aiki ga ƙungiyar injiniyoyin na'urori ta Amurka a 1921, kuma a 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: da'ira ga aiki, kibiya ga ɗauka daga wuri zuwa wuri, murabba'i ga dubawa, alwatika ga ajiya, da wata alama mai siffar harafin D ga jira. Wato jira yana da alamarsa ta kansa. A masana'anta aka fi amfani da ita, inda ake ganin kaya a jibge a ƙasa. A ofis tarin takardu kan tebur kama yake da shaidar cewa mutum yana da aiki.

Tambayar da ta biyo baya

Da aka gane inda lokacin yake, sai tambaya ta koma kan dalilin da ya sa takardar ke bin hannu biyar tun farko. Amsar ita ce wani zato da aka gina tsarin a kansa ba tare da an taɓa furta shi ba: kowace buƙata daban take, kowace mai wuya ce, don haka sai ƙwararru huɗu sun taɓa ta.

Aka zauna aka duba abin da ƙwararrun ke yi a zahiri. Mafi yawan buƙatu masu sauƙi ne. Mai bincike yakan nemo matsayin mai saye a rumbun bayanai. Mai yanke kuɗin ruwa yakan zuba lambobi a lissafin da aka riga aka tsara. Mai gyara yarjejeniya yakan ciro sakin layin da aka riga aka rubuta daga fayil. Ƙwarewarsu ta gaskiya ce, sai dai buƙatu kaɗan ne ke kiranta. An tsara hanyar ne don buƙata mafi wuya, sannan aka tura kowa ya bi ta.

Sabon tsari

Kamfanin ya cire rabon aiki tsakanin ƙwararru ya sa mutum ɗaya ya riƙe buƙata daga farko har ƙarshe. Shi ke duba cancanta, shi ke haɗa sharuɗɗa, shi ke fitar da kuɗin ruwa, shi ke kammala tayi. Aka gina masa sabuwar manhaja ɗaya da ta tattaro bayanai da kayan lissafin da a da ke warwatse a na'urorin sassa daban-daban. A mafi yawan lokuta manhajar ce ke nuna masa abin da zai yi. Idan buƙata ta yi wuya da gaske, akwai 'yan ƙwararru kaɗan da aka ajiye, kuma ko a nan ba ya miƙa musu takardar ya juya baya. Tare suke zama su warware ta.

Zane na huɗu gajere ne. Gida ɗaya ne babba, akwatunan duk suna cikinsa a jere, ba kibiyar da ta tsallaka layi. A tsakiya alamar rabuwar hanya ta bayyana karon farko, da tambayarta: wannan buƙata ta saba ce ko mai wuya? Hanyar ta saba ta miƙe zuwa da'irar ƙarshe. Hanyar mai wuya ta karkata zuwa ƙaramin gida na ƙwararru, wanda mai riƙe da buƙatar ke shiga tare da ita. Teburin sa ido ba ya cikin zanen, tunda wakilin talla ya san sunan mutum ɗaya da zai kira.

Sakamako, yadda aka bayyana shi a 1993

Lokacin fitar da tayi ya sauko daga kwana 7 zuwa awa 4. Ba a ƙara ma'aikata ba, an ma samu ɗan ragi. Yawan cinikin da reshen ke sarrafawa ya ninka sau 100.

Hukunci

Teburin sa ido ya gaza ne domin ya amsa kukan da ya fi ƙara, ya bar wanda ya fi ciwo. Waɗanda suka kawo shi mutane ne masu hankali, kuma tambayar da suka amsa tambaya ce ta gaske. Amma da sun zana abin da suke shirin yi a takarda kafin su aiwatar, da sun ga kibau sun ƙaru ba su ragu ba. Wannan a ganina shi ne amfanin zanen tafiyar aiki da ya fi kowane arha: a gwada gyara da fensir kafin a gwada shi a kan mutane. Gyaran da ya ƙara yawan tsallaka layi sai an kawo hujja mai ƙarfi kafin a yarda zai rage lokaci.

Zanen kaɗai kuwa da bai isa ba. Da an tara shugabannin sassa biyar a ɗaki an ce kowa ya faɗi aikinsa, da an fito da zane na farko, daidai yake ba kuskure ko ɗaya, kuma da bai nuna komai ba. Kowa zai bayyana akwatinsa da kyau, tunda shi ya sani. Kibiya ce ba ta da mai bayyana ta. Abin da manajojin biyu suka ƙara shi ne tafiya da ƙafa da duba agogo, wanda ya sa lamba a inda babu lamba. Na sha ganin zane-zanen aiki masu kyau da aka yi da manhajoji masu tsada, alamomi duk a kan ƙa'ida, amma ba a rubuta minti ko ɗaya a kan kibiya ba. Irin wannan zane yana bayyana tsari, ba ya nuna inda yake ciwo.

Abin da ya kawo sauƙin shi ne haɗuwar abu biyu: cire miƙa takarda daga hannu zuwa hannu, da raba hanya tsakanin mai sauƙi da mai wuya. Manhajar ta taimaka ƙwarai, don ba don ita ba mutum ɗaya ba zai iya riƙe aikin mutum huɗu ba. Sai dai tsarin zuwan abubuwan yana da muhimmanci. Da an gina manhaja tun kafin tafiyar manajojin, da kan tsohon zane za a gina ta, takarda ta koma saƙon kwamfuta da ke jira a layuka biyar ɗin nan dai.

Akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin ya ɗauki wannan lamari a matsayin abin koyi. Waɗanda suka ba da labarin su ne masu tallata hanyar, kuma lamari mai nasara suka zaɓa. Su da kansu sun ƙiyasta a 1993 cewa kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na kamfanonin da suka shiga irin wannan sake fasali ba su samu sakamakon da suka nema ba. Ninkawar ciniki sau 100 tana nuna abin da sabon tsarin ya iya ɗauka. Ba tsarin ne kaɗai ke kawo masu saye ba. Sannan a shekarun 1990 kamfanoni da yawa a Amurka sun fake da wannan hanya sun sallami ma'aikata masu ɗimbin yawa, har Hammer da kansa ya amince a 1996 cewa bai ba ɓangaren mutane kulawar da ta dace ba. Zane ba ya nuna abin da ke zuciyar ƙwararren da ya yi shekaru yana aiki aka wayi gari aka ce masa yawancin aikinsa manhaja za ta yi. Wanda ke riƙe da fensir ya kamata ya je ya ji daga bakinsa, ko don a san waɗanne buƙatu ne ke da wuya da gaske, tunda shi ya fi kowa saninsu.

Abu na ƙarshe ya shafi harkar bashi musamman. Wasu layukan da ke raba gidaje a zane ba jinkiri kawai suke kawowa ba, tsaro ne: wanda ya duba cancantar mai neman bashi ba shi ne ya yanke masa kuɗin ruwa ba, kuma ido biyu sun fi ɗaya ganin zamba. Idan aka haɗa su a hannun mutum ɗaya, nauyin tsaron duka ya koma kan ƙa'idojin da ke cikin manhaja da kan tambayar da ke alamar rabuwar hanya. Dole a rubuta a fili me ake nufi da buƙata mai wuya, adadin kuɗin da ya kai kaza ko sharaɗin da ba a saba ba, kuma wani da ba shi ya yi aikin ba ya riƙa ɗaukar wasu daga cikin waɗanda suka bi hanya mai sauƙi yana sake dubawa. Banki ko ƙungiyar adashe ko ofishin da zai kwaikwayi wannan tsari ya auna lokaci da yawan ma'aikata da yawan ciniki, ya kuma ƙara ma'auni na huɗu a gefensu tun ranar farko, wato yawan bashin da aka bayar bai dawo ba.